Garwashin da Auta Ya Bari

Akwai wani gidan burodi da ya taɓa zama a ƙarshen wani siririn layi, tsakanin shagon mai gyaran rediyo da gidan wani tsohon direba. Waɗanda suka tashi a layin, har yau in aka taɓo maganarsa sai ka ga sun yi murmushi.

A wancan lokacin ba a san tanderun gas ba. Na bulo ne, ginanne kamar ɗan ɗaki, da itace ake hura shi. Kafin yara su gama shirin makaranta, ƙamshi ya riga ya shiga kowane gida. Mata su fito da tire, masu shayi su jingine kekunansu a bango, kowa na jiran fitowar farko.

Mai gidan ya daɗe da rasuwa, matarsa ce ke riƙe da sana'ar. Duk layin Mama ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ke auna fulawa da sukari, ita ke faɗa, ita ke sulhu.

Amma tanderun kansa a hannun mutum ɗaya yake. Wani dogo ne marar yawan magana, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a bakin wutar nan, har aka manta ainihin sunansa, sai dai a ce Baba Tanderu.

Baba Tanderu ba ya duba agogo. Bayan hannunsa kawai zai kai bakin ƙofar tanderun ya ce, "Saura kaɗan." Kuma saura kaɗan ɗin ne. Duk burodin da gefensa ya ɗan ƙone, ba ya bari a zubar. Ajiyewa yake a gefe, yaran layi in sun taso daga makaranta su yi layi a bayansa kamar 'yan kaji.

Mama tana da 'ya'ya mata uku, duk sun yi aure, sai ɗa namiji guda ɗaya, na ƙarshe, wanda ake kira Auta. A kafaɗar Baba Tanderu Auta ya girma. Shi ya koya masa kwaɓi, shi ya koya masa hawa keke, shi ke ɓoye shi a bayan buhunan fulawa in Mama ta ɗauko bulala.

Auta ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: bakinsa ya fi zuciyarsa saurin tuba.

In ya fasa faranti, kafin gutsattsarin su gama birgima a ƙasa ya dafe ƙirji ya karkace kai. "Mama na tuba, ba zan sake ba." Mama ta ɗaga hannu za ta make shi, sai dariya ta ƙwace mata. Washegari kuma sai ya fasa kofi.

Baba Tanderu yakan girgiza kai ya ce, "Kai Auta, tubanka ya fi burodina saurin nuna. Ni sai na jira minti arba'in, kai ko tambayarka ba a yi ba ya fito da zafinsa."

Kowa ya yi dariya, har da Autan.

Haka ya tashi, har ya kai shekara ashirin da huɗu.

Wata ranar Asabar da rana tsaka, an gama gashi, ma'aikata sun watse, Mama ta tafi duba babbar 'yarta da ta haihu. Sai aka aiko wa Baba Tanderu cewa matarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo.

Ya tsaya yana rarraba ido. A ka'idarsa ba ya barin wurin sai ya kwashe garwashin tanderu tas, ya kashe shi da ruwa. Ya waiwaya ya ga Auta zaune kan benci.

"Auta, taimaka mini. Kwashe garwashin nan ka kai tsakiyar fili, ka zuba masa ruwa bokiti biyu. Kada ka tafi sai ka ga hayaƙin ya mutu."

"Je ka kawai, Baba. Na ji."

"Bokiti biyu fa."

"Haba Baba, yau na fara?"

Auta ya kwashe garwashin a baro. Yana turo shi kenan sai ga wani abokinsa a kan babur, yana ta matsa hon, wai an kusa fara wasan ƙwallo a gidan kallo. Auta ya dubi famfo, ya dubi babur. Ya tura baron ya jingine shi a bangon sito, dab da tarin itace, ya ce, "Bari in dawo in kashe."

Ya haye bayan babur.

Lokacin da Baba Tanderu ya dawo daga asibiti, daga bakin layi ya hango hayaƙi. Wuta ta kama itacen, ta haura rufin sito. Maƙwabta na ta watsa ruwa da bokitai. Bai tsaya tambaya ba, ya faɗa ciki yana jawo buhunan fulawa. A shiga ta biyar wani katakon rufi ya rufto masa a hannun dama.

An kashe wutar, amma sito ya tafi, rabin rufin gidan ya tafi.

Washegari Mama ta tara kowa a tsakar fili, ƙasa duk baƙin ruwa da toka. 'Ya'yanta mata sun zo da mazajensu, maƙwabta sun cika ƙofa. Baba Tanderu na tsaye, hannunsa naɗe da bandeji har gwiwa.

Mama ta ce, "Shekara ashirin da biyu ban taɓa tambayarka komai a kan wutar nan ba. Yau zan tambaya. Wa ya ajiye garwashi a jikin itace?"

Ya ce, "Mama, an aiko mini matata ta faɗi. Na bar wa Auta, na ce ya kashe da ruwa."

Duk idanu suka juyo kan Auta. Ya dubi yayyensa, ya dubi surukan gidan, ya dubi fuskar Mama da ta kwana tana kuka.

Wanda tun yana yaro "na tuba" ba ta yi masa nauyi ba, ranar sai ta ƙi fitowa. Domin ranar ce karo na farko da faɗarta za ta ci masa wani abu.

Ya ce, "Ni, Baba? Yaushe? Ai na riga ka fita."



Baba Tanderu ya daɗe yana kallonsa. Bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To." Ya sunkuya ya ɗauki hularsa da hannun hagu ya fita.

Bayan kwana uku Mama ta aika masa cewa ya huta, ba sai ya dawo ba.

Daga nan magana ta shiga gari. Wasu suka ce barci ya yi. Wasu suka ce ashe yana ɗan shaye-shaye a ɓoye. Duk gidan burodin da ya je neman aiki, labarin ya riga shi zuwa. Yatsunsa uku kuma suka ƙage, ba sa miƙewa ba sa lanƙwasuwa. A ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma can wani gefen gari, ya samu aikin gadi a wata makaranta. Bayan shekara uku matarsa ta rasu, ta bar shi da 'yarsu ɗaya.

Shekara goma sha takwas suka wuce da yin gobarar.

Mama ta rasu ba ta san gaskiya ba. Auta ya gaji sana'ar, kuma Allah ya buɗa masa. Ya rushe tsohon tanderu ya sa na gas, ya sayi motocin rarraba burodi huɗu, ma'aikatansa sun kai talatin. Ya yi aure, ya yi tumbi, ya zama maigida. A coci kuwa kujerarsa na gaba-gaba, in ya yi addu'a har na waje suna cewa amin.

Da aka tashi zaɓen sababbin dattawan ikilisiya, sunansa ne ya fara fitowa. Fasto, wani tsoho mai magana a hankali, ya karanta sunayen ya ce, "Za mu jira mako uku. Duk wanda ya san dalilin da zai hana ɗaya daga cikinsu, ƙofata a buɗe take."

Ranar Talata wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofar. Malamar firamare ce, shekarunta talatin, kowa Malama yake ce mata. Ita ce 'yar Baba Tanderu.

Ta ce, "Fasto, ban zo neman komai a hannun kowa ba. Babana ma bai san na zo ba. Amma shekarata goma sha biyu lokacin da aka fara nuna ni da baki ana cewa ga 'yar wanda ya ƙona gidan burodi. Bara mutumin da ya ɗauki Auta a babur ranar ya kira ni yana kwance ba lafiya. Ya ce da idonsa ya ga inda aka jingine baron, kuma wa ya jingine shi."

Fasto ya kira Auta ya faɗa masa yadda aka yi.

Auta ya yi gumi a cikin sanyin fanka. Abin da ya fara zuwa ransa ba hannun Baba ba ne. Mako uku ne, da kujerar dattijo, da abin da mutane za su ce.

Ya ce, "Fasto, abu ne da ya daɗe, lokacin ƙuruciya. Amma ka bar mini, zan gyara."

Ranar Lahadi ya nemi izini ya fito gaba. Ya dafe ƙirji, ya karkace kai, muryarsa na rawa.

"'Yan'uwa, dukanmu masu zunubi ne, ni ne kuma babba a ciki. In a ƙuruciyata na taɓa ɓata wa wani rai, ko da sanina ko ba da sanina ba, ina durƙusawa a gaban Allah da gabanku, a yafe mini."

Ya durƙusa, hawaye na zuba. Mata suka fara share ido. Wani daga baya ya ce, "Wannan shi ne tawali'u!" Aka tashi ana ta rungumarsa a bakin ƙofa.

Fasto ne kawai bai je wurinsa ba.

Da yamma Auta ya cika bayan motarsa da buhun shinkafa, katan ɗin sabulu da sabon bargo. Ya ɗauki dattawa biyu don su zama shaida, suka nufi inda Baba Tanderu yake.

Ɗaki ɗaya ne. Katifa a ƙasa, rediyo a kan taga, kujerar roba guda, tocilan ɗin gadi rataye a ƙusa. Baba ya tsufa, gashinsa fari fat, amma yana ganin Auta ya gane shi.

"Auta ne? Kai, ka zama babanka sak. Ku shigo, ku shigo. Malama, aro mana benci a maƙwabta."

Malama ta kawo benci ta koma bakin ƙofa ta tsaya, hannu a harɗe.

Aka gaisa. Auta ya sauko ya tsuguna.

"Baba, na zo ne a kan duk abin da ya faru a baya. Ka yafe mini."

Baba ya ce, "Abubuwa da yawa sun faru a baya, ɗana. Wanne ne naka a ciki?"

Auta ya saci kallon dattawan biyu. "Wato... maganar da ta shiga tsakaninmu. Rashin fahimtar nan."

"Rashin fahimta," in ji Baba, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ni ban fahimce ka ba, ko kai ne ba ka fahimce ni ba?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya sa baki. "Baba, tunda yaro ya ƙasƙantar da kansa har ya zo, ai sai a rufe maganar."

Baba ya ce, "Ni ban riƙe shi ba. Tun kafin matata ta rasu na sake shi a zuciyata, don in samu in yi barci. Amma ya ce in yafe, na tambaye shi me zan yafe, bai faɗa ba. Ko likita ai sai ka nuna masa inda ke ciwo."

Ya dubi kayan da aka jibge a bakin ƙofa.

"Ku mayar da waɗannan. Ba fushi nake ba. Ban dai san na mene ne ba."

Auta ya fito ransa a ɓace. A mota yana ta faɗa. "Kun gani ko? Na yi kuka a gaban jama'a, na tako har ɗakinsa, me kuma ake so in yi?"

Washegari ya je ya maimaita wa Fasto wannan tambayar.

Fasto ya cire tabarau ya ajiye. "Ɗan'uwa, a cikin Maganar Allah akwai sarakuna biyu da annabi ya tsare kowannensu da laifinsa. Dukansu sun amsa cewa sun yi zunubi, kalmominsu kusan iri ɗaya. Amma na farkon, yana gama faɗa sai ya roƙi annabin ya rufa masa asiri, ya girmama shi a idon mutanensa. Na biyun bai nemi girma ba. Zuciyarsa ya roƙa a wanke. An ƙi na farko, an karɓi na biyu."

Ya dubi Auta.

"Ranar Lahadi na saurare ka da kyau. Ka ce 'in na taɓa'. Ka ce 'wani'. Wanin nan yana da suna, yana da hannu da ya ƙone. Ka fito gaba da laifi, ka koma kujerarka da ƙarin daraja. Ka taɓa ganin tuban da mai yin sa ya ci riba a wurin?"

Auta ya tashi ya fita ko sallama babu. Kwana huɗu yana kumbure-kumbure, yana cewa Fasto ya ɗauki ɓangare.

Ranar Juma'a da safe ya shiga ɗakin gashi don duba aiki. Sai ya tarar da shugaban ma'aikatansa yana yi wa wani sabon ma'aikaci faɗa, wai ya bar kan gas a buɗe.

"Kai wane irin sakarai ne? So kake ka yi mana Baba Tanderu a nan?"

Sauran suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Daga yau sunanka kenan!"

Auta ya tsaya cak. "Me ka ce?"

Shugaban ya juyo yana murmushi. "Maigida, ai haka muke cewa in mutum ya yi sakaci da wuta. Wani mashayi ne da aka ce ya taɓa ƙona gidan nan. Ni ma haka na tarar ana faɗa."

Auta ya bi fuskokinsu da kallo. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin mutumin. Ba su san ya yi shekara ashirin da biyu bai ƙona ko tsumma ba. Ba su san shiga biyar ya yi cikin wuta don fulawar da ba tasa ba. Abin da suka sani kawai shi ne abin da Auta ya faɗa cikin daƙiƙa uku a tsakar fili, ya girma ya zama zagi, yana yawo a bakin mutanen da ba a ma haifi wasunsu ba a lokacin.

Ya dafa teburin kwaɓi.

Ya ce, "Ku kashe injin nan."

Aka kashe.

"Mutumin da kuke faɗa bai taɓa shan komai ba sai shayi. Ba shi ya ƙona gidan nan ba. Ni ne. Ya ce in kashe garwashi da ruwa, na jingine shi a jikin itace na tafi kallon ƙwallo. Da aka tambaya na ce ƙarya yake. Aka kore shi."

Ba wanda ya motsa. Shugaban ma'aikatan ya sunkuyar da kai, shi da bai yi laifin ba.

Auta ya fita. Bai ɗauki mota ba, bai kira kowa ba, bai sayi ko tsinke ba. Ya hau motar haya kamar kowa, ya ƙarasa da ƙafa.

Ya tarar da Baba zaune a kujerar roba yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin rigar gadi da hannu ɗaya. Auta ya zauna a ƙasa.

"Baba, ranar ka ce mini bokiti biyu. Har sau biyu ka faɗa. Ban zuba ko ɗaya ba. Ni na jingine baron a bangon sito. Washegari ka faɗi gaskiya a gaban Mama, na ƙaryata ka. Ina ji ana ce maka mashayi na yi shiru. Na san ba ka samun aiki na yi shiru. Na ji rasuwar matarka ban zo ba, don ina tsoron idonka. Makon jiya ma ba don kai na zo ba, don kujera na zo. Abin da na yi kenan."

Wannan dogon mutum da ko ranar da wuta ta ci hannunsa ba a ga hawayensa ba, sai ga shi yana kuka kamar yaro.

Da ya samu numfashi ya ce, "Ka san abin da ya fi damuna a shekarun nan? Ba hannun ba ne. Da na ga kowa ya yarda ni ne, sai na fara tambayar kaina, anya na gaya wa yaron nan kuwa? Ko dai a ruɗewa na fita ban faɗa ba? Na kai shekara goma ban tabbata ba."

Ya share fuska da gefen riga.

"Ashe na faɗa."

"Ka faɗa, Baba."

"To, na yafe maka, Auta. Yanzu na san abin da na yafe."

Sannan ya ƙara da cewa, "Amma akwai wadda ba za ka samu ba. Matata har ta koma ga Allah tana cewa ita ta jawo mini, da ba ta faɗi ranar ba da ban bar wuta ba. Na yi ta ce mata ba haka ba ne, ba ta yarda ba. Wannan sai dai ka kai wa Allah."

Auta ya kifa kai a gwiwa. Wannan karon ba wanda ke kallo, kuma kukan bai yi kyan gani ba.

Ranar Lahadi ya sake fitowa gaban ikilisiya. Bai dafe ƙirji ba, bai durƙusa ba. Ya tsaya ya faɗi abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda ya yi wa. Ya ce abin da ya yi a makon da ya wuce wasan kwaikwayo ne. Ya ce a cire sunansa daga cikin dattawa.

Ba wanda ya ce amin. Ba wanda ya rungume shi a bakin ƙofa. Wasu ma da suka hango shi sai suka canza hanya.

Matarsa ta yi mako biyu ba ta yi masa magana sai ta dole. Yayyensa suka kira shi a waya suna faɗa, ɗaya ta ce ya tona wa gidansu asiri, ɗaya kuma kuka kawai take tana cewa, "Ka bar Mama ta tafi da alhakin bawan Allah."

Bai kare kansa ba. Ya shiga layin gidan burodin, ya bi gida-gida, duk inda ya san an taɓa zagin Baba. Mai gyaran rediyo ya tsufa, da ƙyar yake ji, sai da Auta ya ɗaga murya ya maimaita, har mutanen waje suka ji. Tsohon ya ce, "Kai! Ni da bakina na ce na taɓa ganinsa da kwalba. Kai ni wurinsa."

Haka mutanen layin suka riƙa zuwa ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka ci ƙonannen burodinsa suna yara, yanzu da nasu 'ya'yan.

Malama dai ba ta sauko ba. Ta ce masa, "Na ji ka faɗi gaskiya. Amma kada ka sa ran zan yi maka murna. Uwata ba ta ji ba."

Ya ce, "Haka ne." Bai roƙe ta ba, bai aika kowa ya roƙa masa ba.

Ya lallaɓi Baba ya ajiye aikin gadi, ya ɗauki nauyinsa. Ya kai shi wurin likitan ƙashi, aka duba aka ce an makara, yatsun ba za su sake miƙewa ba, sai dai a riƙa shafa mai ana murzawa don rage ciwo. Daga nan duk Laraba da Asabar da yamma Auta yana ɗakin, zaune a ƙasa, hannun Baba a kan cinyarsa.

In Malama ta dawo daga makaranta ta gan shi, sai ta gaida babanta ta wuce. Haka aka yi shekara guda da wata huɗu. An yi wani zaɓen dattawa a tsakani, ba a ambaci sunan Auta ba, shi ma bai tambaya ba.

Wata Laraba ta shigo da littattafan ɗalibai a hannu. Baba ya yi gyangyaɗi a kujera. Auta na ƙoƙarin yanke masa farcen yatsan da ya fi lanƙwashewa, yana ta juya abin yankan ya rasa ta inda zai kama.

Ta tsaya tana kallo. Ta ajiye littattafan a kan taga.

Ta ce, "Yaya, ba haka ake riƙe shi ba, zai ji zafi. Matsa in nuna maka."

Auta ya ɗago ya dube ta. Ya matsa. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta tallafo yatsan daga ƙasa a hankali, ta ce, "Ka gani? Ta nan. To, yanke."

Baba Tanderu ya buɗe ido ɗaya ya dube su, ya mayar ya rufe.

Darasi: Cewa "na tuba" ba shi ne tuba ba. Mai tuban baki yana neman a rufe magana ne don mutuncinsa ya tsira, shi ya sa za ka ji yana cewa "in na taɓa" da "duk abin da ya faru". Mai tuban gaskiya yana kiran laifinsa da sunansa, a gaban Allah da gaban wanda ya cuta, ya yarda ya yi asarar girman da ya samu da ƙarya, ya gyara abin da zai gyaru, kuma ba ya tilasta wa kowa ya yafe masa da wuri. In akwai wanda yake ɗauke da laifinka a kansa har yau, kada ka jira sai ya tafi inda ba za ka same shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai bukatar jin sa kafin lokaci ya ƙure masa.